Hatimin da Bai Rusuna Ba

A garinmu na bakin teku, can arewacin lardin Niigata, an yi wani mai gyaran jikin mota ana ce masa Hokari Tetsuji. Ba zan rage masa komai ba, hannu kam yana da shi. Idan mota ta murƙushe kamar gwangwanin da aka taka, shi ake kai wa. Sai ya yi mako biyu yana ƙwanƙwasa, ta fito har mai ita ya rasa ta wane gefe aka buge ta. Ciwonsa ɗaya ne, amma ciwon ya isa: Hokari bai taɓa yin kuskure ba, wato a bakinsa. In fenti ya ɓaci laifin ruwan sama ne, in ƙofa ta ƙi rufuwa mai motar ne bai iya rufe ƙofa ba. A ƙasar da mutum ke rusuna wa wanda yake magana da shi ko a waya ne, shi Hokari haɓa kawai yake ɗan ɗaga wa mutane.

Ni sunana Kazama, taya nake sayarwa, kuma shagona yana kallon garejinsa, titi ne kaɗai a tsakaninmu. Shekara talatin da 'yan kai ina ganin abin da ke shiga da abin da ke fita, kuma rabin cinikina daga wurinsa yake zuwa. Na faɗi wannan tun yanzu don kada wani ya ɗauke ni mutumin kirki a cikin labarin nan.

Ma'aikacinsa guda ne, Wakui Mitsuo, wani siririn dattijo mai shekara sittin da biyu, wanda in yana magana sai ka matso kafin ka ji. Doka ta ce duk motar da aka taɓa wa ƙafa ko birki ba ta fita daga gareji sai mai takardar duba mota ya duba ta, ya buga hatiminsa. Hokari ya zauna jarrabawar samun takardar nan sau biyu yana saurayi, ya faɗi sau biyu, ya ce masu tambayar ne jakuna. Wakui ya ci a zama ɗaya, kuma ina jin maigidan nasa bai taɓa yafe masa wannan ba. Wakui ba shi da gida sai na haya, ba shi da ɗa, daga shi sai matarsa Kikuno. Abin da ya mallaka a duniya shi ne ɗan guntun katakon nan mai tsawon yatsa, da sunan da ke jikinsa. Har garuruwan maƙwabta an san cewa takardar da hatimin Wakui ya hau ba ta buƙatar a sake dubawa.

Wata kaka, bayan an gama yankan shinkafa, aka jawo wata motar tsere ruwan ɗorawa, mai kujera biyu, irin wadda ke kwance da ƙasa har sai ka durƙusa kafin ka shiga. Ta Tsukada Ryohei ce, mai masana'antar cokula a garin da ke gaba da mu. Aladen daji ne ya ratsa masa a hanyar dutse, ya kauce, ya daki ƙarfen gefen titi da gaban motar ta hagu. Shi bai ji ko ƙwarzane ba, amma motar ta ji jiki. Tsukada mutum ne mai fara'a, ba shi da wani abin sha'awa a duniya sai wannan mota, ya kuma roƙi Hokari ya gama kafin dusar ƙanƙara ta sauka, don ya samu ya ɗan hau ta kafin ya kulle ta sai bazara.

Hokari ya yi aikin da ya saba. Ya miƙe shasi, ya buge jiki, ya fesa fenti har kana ganin fuskarka. Saura ƙarfe ɗaya, wanda ke riƙe ƙafar gaba ta hagu daga ƙasa. Ƙarfen nan na alminiyam ne, kuma kowane bakanike ya san in ya lanƙwashe jefar da shi ake yi, domin in ka gasa shi ka miƙe, ido zai ga daidai amma cikinsa ya mutu. Aka ce sabo sai bayan wata guda. Hokari ya ce masu canza ƙarfe ba makanikai ba ne, 'yan tireda ne. Ya kunna wuta ya gasa shi, ya miƙe shi da guduma, ya shafa masa baƙin fenti, ya mayar.

Da Wakui ya fita gwaji ya dawo, sai ya tsaya a bakin gareji da hularsa a hannu, ya ce motar tana ja hagu. Hokari ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce a nuna masa motar da ba ta ja hagu a garin nan.

To, a nan yana da ɗan abin kamawa. Titunanmu bututu ne a tsakiyarsu, wanda ke feso ruwan ƙarƙashin ƙasa lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, saboda haka an yi su da doro, ruwa ya riƙa gangarewa gefe. Mu kuma a hagu muke tuƙi. Duk wanda ya koyi mota a nan ya tashi ne yana ɗan danne sitiyari dama ba tare da ya sani ba, kuma in baƙo ya yi ƙorafin motarsa na ja, dariya muke yi masa. Ni kaina na sha sallamar mutane da wannan magana, mafi yawan lokuta kuma gaskiya ce.

Wakui bai yi musu ba. Washegari da safe ya tsallako da motar shagona, ya ce in taimaka mu musanya tayoyin gaba, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu. In taya ce ke da laifi, jan zai juya. Muka musanya, muka daidaita iska, muka fita. Tana nan tana ja hagu. Ya tsaya ya dafa kowace ƙafa da bayan hannunsa, ko birki ɗaya na kamawa ya yi zafi. Duk ɗuminsu ɗaya. Daga nan ya ce mu je bakin tashar jiragen kamun kifi, inda aka shimfiɗa siminti ba doro ba gangara, kuma da hantsi ba kowa sai tsuntsaye.

A can ya ba ta wuta kaɗan ya saki sitiyari. Kafin mu wuce jirgi uku ta bar layinta ta nufi hagu. Ya juyo ya sake ta ta ɗaya ɓangaren, ta sake nufar hagu, wannan karon wajen ruwa, har sai da na riƙe kujera. Ya ce mini a hankali, titi ba ya bin mota ya juya tare da ita. Ya fito da zare daga aljihu, ya auna daga tsakiyar ƙafar baya zuwa tsakiyar ta gaba, dama da hagu. Hagu ta gaza da milimita tara. Sai ya shimfiɗa kwali ya kwanta ya shige ƙarƙashi da tocila, ya daɗe, ina jin yana kankare wani abu da farce. Da ya fito fuskarsa ta sauya. Ya ce in leƙa. A ƙarƙashin baƙin fentin akwai sawun guduma, kuma kusa da inda ƙarfen ya kama ƙafa akwai ɗan tsage siriri kamar gashi. Na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Ƙarfe goma na safe lokacin shayi ne a kowane gareji, ni ma a garejin Hokari nake sha. Matar Hokari, Shizue, wadda ke riƙe da takardun garejin, ta zuba mana, ta ajiye ɗan faranti na tsamin kabeji. Wakui ya jira maigidansa ya kurɓa sau biyu, sannan ya rusuna ya yi magana. Oyakata yake ce masa, kamar yadda kowane mai koyon sana'a ke kiran ubangidansa, ko da shi ma ya yi furfura.

"Oyakata, a yi haƙuri da ni. Ƙafar hagu ta ja baya, kuma ƙarfen ƙasan nan ya tsage. Ina ganin a jira sabo."

"Kana gani," in ji Hokari. "Da wane idon? Wanda ba ya iya karanta jarida sai da gilashi biyu?"

"Na auna, Oyakata. Milimita tara."

"Da zaren ɗinkin matarka ka auna? Mitsu, shekara talatin kana cin shinkafar gidan nan, ban taɓa ganin ka miƙe ko cokali ba. Kai da ko ɗa ba ka iya samarwa ba, yau kai za ka koya mini ƙarfe?"

Shizue ta ajiye butar shayi ta shige ciki. Kunnuwan Wakui suka yi ja, amma bai ɗago ba. Sai Hokari ya juyo gare ni, ya ce ai Kazama ma ya shiga motar, in faɗa masa ko na ga wani abu. Na dubi kofina. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Na ce to, titunanmu dai kowa ya san halinsu. Abin da na faɗa ke nan, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in tofa wa kaina yawu.

Wakui ya ƙara rusunawa, ya ce duk da haka ba zai iya buga hatimi ba sai an canza ƙarfen. Wannan ne karo na farko a shekara talatin da ya ce wa maigidansa a'a. Hokari ya yi murmushi, ya ce ba komai, a bar ta.

Kwana biyu bayan haka ya aiki Wakui ya kai wata motar kaya wani gari mai nisan awa uku. Yana fita, Hokari ya ɗaga motar tseren, ya murɗa saitin ƙafafun har sitiyari ya zauna daidai, ya rage iskar tayar dama don ta riƙa mayar da jan. Wato ciwon yana nan, bakin mara lafiyar kawai aka toshe. Sannan ya shiga ofis. Hatimin Wakui yana cikin aljihun tebur, inda yake kwana kullum, kamar yadda rabin ma'aikatan ƙasar nan ke barin nasu. Hokari ya ɗauka, ya dangwala a jan tawada, ya buga a gurbin mai duba mota, ya buga nasa a gurbin mai gareji. Kafin la'asar Tsukada ya zo ya ɗauki motarsa yana ta godiya, har da kwalin cokula ya kawo tukwici. Ina tsaye a ƙofar shagona na ga ta wuce, na kuma ɗaga masa hannu.

Kwana goma sha biyu ta yi. Ranar wata Lahadi da tsakar rana, ana yayyafi, Tsukada ya fito daga hanyar da ta huda dutse a babban titin kudu, ya tarar da motoci sun rage gudu, ya taka birki da ƙarfi. Ƙarfen ya karye. Ƙafar hagu ta naɗe ƙarƙashin mota, motar ta juya ta daki bango. Tsukada ya rayu, amma sai da aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa.

Jami'an sufuri suka zo daga birni su biyu, da jakunkuna da fararen safar hannu. Sun ga ƙarfen, sun ga sawun wuta, suka nemi takarda. Hokari ya miƙa musu da hannu biyu. Ya ce shi mai bugun jiki ne, ya miƙe ƙarfen ne na wucin gadi don a iya tura motar cikin gareji, ya kuma bar wa mai duba mota ya yanke hukunci, ga hatiminsa nan. Ya ƙara da cewa Wakui ya tsufa, idonsa ya fara rauni, shi ma laifinsa ne da ya ci gaba da riƙe shi don tausayi. Suka juya ga Wakui suka tambaye shi ko wannan hatiminsa ne. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce nasa ne.

Da yamma na tare shi a bayan shagona, na ce don me bai faɗa musu ba ya nan ranar. Ya ce ai Hokari ya mayar da kwanan watan takardar baya, ya rubuta ranar da shi Wakui yana nan. Na ce to ya faɗi gaskiya mana, ko ba su yarda ba.

"Kazama-san," ya ce, yana haɗa sunana da kalmar girmamawa, "wanda ya bar hatiminsa a aljihun tebur ya riga ya ce i ga duk abin da za a buga. Kuma a garejin can na koyi riƙe sifana. In na tona Oyakata, wa na zama?"

Ya dube ni kaɗan bayan ya faɗi haka. Bai ce in yi magana ba, ni kuma ban ce zan yi ba.

Aka karɓe takardarsa ta duba mota. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da aka je asibiti neman gafara. Ni na kai su a motata, don Hokari ya ce baƙin ciki ba zai bar shi ya yi tuƙi ba. Matar Tsukada ta hana su shiga ɗakin, ta tsaya a baranda da ɗan tawul a hannu. Wakui ya durƙusa a kan tayil, ya kifa tafukansa, ya sunkuya. Hokari yana tsaye a kansa cikin baƙar kwat. Sai na ga ya sa hannu a ƙeyar dattijon nan ya danna.

"Ƙara ƙasa, Mitsu. Ƙafar mutum ka ci."

Goshin Wakui ya bugi ƙasa har na ji ƙarar. Matar Tsukada ta ce masa mijinta ya sayi amincin sunansa ne, ba fentin Hokari ba, ta ce tana fatan duk takun da zai yi a sauran rayuwarsa ya tuna akwai wanda ba zai yi ba. Ma'aikatan jinya suna wucewa suna kawar da kai. Hokari ya ɗaga mata haɓa, ya ce zai ɗauki mataki. A hanyar dawowa ya sallami Wakui daga aiki, a cikin motata, yana kallon taga. Ya ce sunan gareji ya fi kowa.

Garinmu ba a zagin mutum, kuma da ana zagi da ya fi sauƙi. Gaisuwa kawai ake ragewa. Mai kifi ya daina ajiye wa Kikuno kan kifin da ya saba ba ta. Aka daina kawo musu allon sanarwar unguwa da ake zagayawa da shi gida-gida, sai ya tsallake ƙofarsu ya wuce gidan gaba. Ba garejin da zai ɗauki mutumin da hatiminsa ya yanke ƙafa. Da sanyi ya kama, ƙanƙara ta kai tsayin mutum a kan rufi, sai Wakui ya shiga aikin sauke ta daga gidajen tsofaffi, aikin da ko masu shekara arba'in ke gudu. Nakan hango shi a saman rufin mutane da shebur, ɗan ƙarami kamar hankaka. Shi kuwa Hokari ya ɗauko wani mai takarda daga wani gari, aiki ya ci gaba, har cewa yake yi wajen shayi ya huta da ɗaukar gawa.

A wata na biyu na sabuwar shekara, wata safiya da rana ta ɗan fito ƙanƙara ta yi santsi, Wakui ya zamo daga rufin wani gida mai hawa biyu. Kansa ya sami bakin kwalbati. Bai mutu ba. Ya yi kwana goma sha tara bai san inda yake ba, da ya farka kuma rabin jikinsa ba ya motsi, tunaninsa ya tsaya a wuri ɗaya.

Kwana uku da faɗuwarsa, da hantsi, Shizue ta tsallako titi da kwali a rungume, ta ajiye a kan teburina. Shekara talatin muna gaisawa, ba ta taɓa shigowa shagona ba. Ta buɗe, ta fara jera takardun duba mota, na bara, na shekara goma, na shekara ashirin da biyar, har teburin ya cika. Ta ce in dubi hatimin Wakui. Na duba. A kowace takarda hatiminsa ya ɗan karkata wajen na Hokari. Tsohuwar ɗabi'a ce ta masu aiki a ƙarƙashin wani, su kwantar da hatiminsu kaɗan ya zama kamar yana rusuna wa na maigida. Yaran yanzu dariya suke yi wa abin, amma Wakui bai taɓa fashi ba, ko sau ɗaya a takarda fiye da dubu huɗu. Sai ta ɗora hoton takardar motar Tsukada a sama. Hatimin Wakui ne, amma a tsaye yake ƙyam, kafaɗa da kafaɗa da na mai gareji.

"Mijina bai san ana karkatar da shi ba," in ji ta. "Bai taɓa duban hatimin kowa ba sai nasa. Ni tun ranar na gani, Kazama-san, na yi shiru. Kai ma akwai abin da ka gani, na ji ku wajen shayi. In za ka je, mu je tare. In ba za ka je ba, ka ara mini mota."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na rufe shago muka tafi birni. Na faɗi maganar tashar jirage, da zaren, da tsagen, da iskar tayar dama wadda ni na daidaita da hannuna amma aka same ta a rage. Jami'an suka nemi takardar karɓar motar kayan da Wakui ya kai, suka kira Tsukada ya faɗi ranar da ya ɗauki motarsa da wanda ya miƙa masa makulli. Abin da ya gagara wata huɗu, mako guda ya warware, don dama ba wuya gare shi ba, bakin faɗa ne babu.

Aka soke lasin garejin, aka kai Hokari kotu. Har a gaban alƙali cewa ya yi ƙarfen kamfani ne ba shi da kyau. Bai shiga kurkuku ba saboda shekarunsa, amma da ya dawo gida ya tarar Shizue ta dafa masa shinkafa, ta rufe, ta ɗauki jakarta ta koma gidan ƙanwarta. Garin ya yi masa abin da ya yi wa Wakui, har da ƙari. Shekara ta zagayo ba wanda ya tsaya a ƙofarsa. Nakan gan shi zaune cikin garejin da ba mota, yana goge gudumominsa ɗaya bayan ɗaya, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ban ji tausayinsa ba, kuma ba zan yi ƙaryar na ji ba.

Wata rana cikin bazara ta biyu ya tsallako titi da kansa. Ya tsaya a ƙofar shagona ya daɗe, sannan ya ce in kai shi wurin Mitsu. Ya ce ba ya iya barci, ba ya iya cin abinci, yana so ya faɗa masa da bakinsa. Na so in ƙi, sai na tuna ni ma ban taɓa zuwa ba.

Gidan kula da marasa lafiya ne a bayan gari, tsakiyar gonakin shinkafa. Mun sami Wakui a keken guragu kusa da taga, Kikuno tana ba shi kunun shinkafa da cokali. Hokari ya cire hula. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kifa tafukansa a ƙasa, ya sa goshinsa a kan tayil. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar. Ya ce shi ya gasa ƙarfen, shi ya rage iskar, shi ya buga hatimin, ya ce Mitsu ya yi gaskiya tun farko, ya roƙi ya yafe masa.

Wakui ya dube shi, idonsa ya cika da tsoro. Ya fara kokawa da keken yana son ya sauko, hannunsa mai motsi yana laluben ƙasa, yawu na zuba a gefen bakinsa.

"Oyakata, a tashi, a tashi. Laifina ne. Ban duba da kyau ba. Ni na ci ƙafar mutum. A yi haƙuri da ni, gobe zan zo da wuri."

Hokari ya ce a'a, ba haka ba ne, ya sake faɗa daga farko, da ƙarfi, kamar mai magana da kurma. Wakui ya sake ba shi haƙuri, yana ta ƙoƙarin sunkuyar da kansa ya fi na maigidansa ƙasa, har sai da Kikuno ta riƙe shi kada ya kife. Ta goge masa baki, ta gyara masa bargo, sannan ta dubi mutumin da ke durƙushe a gabanta.

"Haka yake faɗa wa kowa, har mai shara," ta ce. "Mun karanta masa takardar da ta wanke shi ya fi sau ɗari, ba ta zama. Abin da ka danna masa a ka shi ne ya zauna. Tashi ka tafi, Hokari-san. Wanda zai yafe maka ba ya nan."

Hokari bai tashi ba sai da na ɗago shi. Muna fita muna jin muryar Wakui a bayanmu yana ba da haƙuri. Hokari ya ƙara shekara huɗu a duniya, ya koma gidan nan sau da yawa, kuma kowane zuwa amsar da ya samu ke nan.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma wanda ya nuna maka kuskurenka tun yana ɗan tsage ya fi ƙaunarka da wanda ya yaba fentinka. Girman kai ba ya tsayawa a kan mai shi, sai ya nemi wani na ƙasa ya ɗora masa kayan, kuma mafi yawa wanda ya fi kowa biyayya shi yake samu. In ka yi kuskure ka amsa shi da wuri, tun wanda ka cuta yana da kunnen jin ka, domin neman gafara ma yana da lokacinsa, in ya wuce ko ka sa goshi a ƙasa ba mai karɓa. Kai kuma da ka gani ka yi shiru don kada abincinka ya taɓu, kada ka ce ba ruwanka. Ni na gwada, kuma ina gaya maka da hannunka a ciki.